Murhun Gas Na Ɗumama Ɗaki, Da Yadda A Ke Kafa Shi

Sanyin Abuja bai kai na Jos ba, wannan kowa ya sani. Amma duk da haka in hunturu ya sauko, wajen watan Disamba da Janairu, a kan yi ɗari da asuba har ya dami masu sana'a. Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu kiwon kaji na wajen Kuje da Gwagwalada da Bwari, gama ɗan tsako a makonsa na fari yana bukatar ɗumi kamar digiri 32 zuwa 35, in ya rasa sai ya mutu. Da can kasko da fitilar kananzir a ke sa musu. Yanzu kuwa da yawa sun koma ga wani murhun gas da a ke ratayewa a sama, irin wanda Turawa su ke sawa a masana'antu da manyan ɗakunan ajiya. Tun da waɗansunku za su fita su riƙe gonar makaranta ko ɗakin koyon sana'a, ya kamata ku san shi.

A cikin 1800 wani masani a Ingila, William Herschel, ya raba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, launuka su ka fito kamar bakan gizo. Ya riƙa sa ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya gusa da shi gaba da ja, inda ido ba ya ganin kome, sai ya tarar nan ma akwai zafi, har ya fi na cikin jan. Wannan haske da ba a gani shi a ke kira infirared. Shi ne ku ke ji a fuska in kun tsaya kusa da maƙera, ko da iska tana kaɗawa.

To, murhun nan haka ya ke aiki. Gas ya kan ci a jikin wani faifan yumɓu mai ƙananan huji, faifan ya yi ja wur, zafinsa ya kai wajen digiri 900, ya riƙa jefa ɗumi ƙasa. Ba iskar ɗaki ya ke fara ɗumamawa ba, sai abin da ya faɗa a kai, watau daɓe da mutum da kaji, kamar dai yadda hantsi ya ke yi. Ku riƙe wannan da kyau. Ma'anarsa ita ce ba sai an toshe ɗaki kafin a ji ɗuminsa ba, alhali kuwa toshe ɗakin nan shi ne ya ke kisa.

Ga dalili. Wuta ba ta ci sai da iska. Kilo ɗaya na gas yana bukatar iskar da za ta cika akwati 13, kowane mai mita ɗaya ta kowace fuska. Ashe ke nan tukunya mai kilo 12.5 sai ta cinye fiye da dukan iskar ɗaki mai tsawon mita 10, faɗi 5, bisa 3. Kuma tun ba a je ko'ina ba a ke samun ɓarna. Cikin kashi 100 na iska, 21 ne oksijin. In ya ragu zuwa wajen 18, wutar ba ta ƙona gas sarai, sai ta shiga fid da wata guba da a ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Jinin mutum kuwa ya fi kama ta da oksijin fiye da sau 200. Farkonta ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sai kasala, sai barcin da ba a tashi. Ita ce ta ke kashe wanda ya kwana da kaskon gawayi a ɗaki rufe, ko da janareto a soro, a wayi gari a ce mayu ne ko aljannu. Abin takaici, yaron da a ka bari ya kwana yana tsaron 'yan tsaki, in ya ji kansa na sara, sai ya ce zazzaɓi ne, ya ƙara ja bargo.

Saboda haka kafin a rataye murhu sai a duba kafofin iska. A bar kafa ƙasa inda sabuwa za ta shigo, a bar wata can sama kusa da rufi inda mai zafi za ta fita. Masu lulluɓe ɗakin kaji da leda ko buhu don sanyi, lalle su bar tsaga daga sama. In ka ga kwanon rufi yana ɗigar da ruwa da asuba, alama ce iska ba ta gudana, domin kowane kilo na gas da ya ƙone ya kan bar tururin ruwa kamar lita ɗaya da rabi.

Sai maganar nisa. Kowane murhu ya kan zo da takarda mai faɗin tazarar da za a bari sama da ƙasa da gefe. A bi ta, kada a yi kintace. Da sarƙa a ke rataye shi, ban da igiya. A nisanta shi da silin, da leda, da dusar katako da a ke shimfiɗa wa kaji. A wurin kafinta kuwa, ko inda a ke fesa fenti, ko a ke ajiye fetur, ni dai ba na ganin ya dace a kunna shi ko kaɗan.

Tukunyar gas waje a ke ajiye ta, a tsaye, cikin inuwa. Gas ɗin nan ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ba ya tashi sama, sai ya kwanta ƙasa kamar ruwa, ya bi kwata ya taru a rami. Kashi 2 kawai cikin 100 na iskar ɗaki ya isa ya fashe in ya sami tartsatsi. Warin da ku ke ji ma ba nasa ba ne, da gangan a ke zuba masa don hanci ya gane. Hukumar SON ta sa wa tukunya shekara 15, a duba shekarar da a ka buga a jikinta. Wanda ya koyi aikin gas shi zai haɗa tiyo, sa'an nan a shafa ruwan sabulu a kowane mahaɗi. In kumfa ta taso, akwai yoyo. Kada a kuskura a gwada da ashana.

In za ku saya, ku nemi mai ɗan ƙarfen nan da ke datse gas da kansa in wuta ta mutu. Bayan an kunna, a dubi faifan. In ya yi ja bai ɗaya, lafiya lau. In harshen wuta ya yi rawaya, ko baƙin hayaƙi ya fara taruwa a jikinsa, ƙura ta toshe hujin, kun kuwa san ƙurar hunturu. A kashe, a bari ya huce, a busa ƙurar a hankali, ban da wanke shi da ruwa. In kuwa an ji warin gas, a rufe tukunya tukuna, a buɗe ƙofofi, a fid da mutane waje, kada kowa ya taɓa makunnin lantarki sai warin ya wuce.