Zafin da ke ƙarƙashin ƙafafunmu

Zafin da muka sani a nan Ngueli daga sama yake zuwa, musamman a watan Afirilu. To amma akwai wani a ƙasa. Duk kilomita ɗaya da aka nutsa cikin ƙasa, zafi yakan ƙaru da digiri 25 zuwa 30. Shi ya sa ruwan rijiyar burtsatse mai zurfi, wadda muka fi kira foraj, yakan fito da ɗumi ko da a cikin hunturu ne. Da irin wannan zafin wasu ƙasashe ke samar da lantarki, alhali a Chadi kusan mutum ɗaya ne cikin goma ke da wuta a gida. Shin mu ma za mu iya?

Akwai inda zafin ba ya ɓuya. A arewacin ƙasarmu, a duwatsun Tibesti, tsofaffin duwatsu masu aman wuta ne jere. Emi Kussi, mai tsayin mita 3,415, ya fi kowane dutse tsawo a duk Sahara. Akwai kuma wani ƙaton rami da Faransawa suka kira Trou au Natron, wato ramin kanwa, don gindinsa fari fat yake da kanwa. A wurin da ake kira Soborom kuwa, tururi ne ke fita daga ƙasa, laka tana tafarfasa kamar an ɗora tukunyar kunu, Tubawa suna zuwa wanka a ruwan don neman lafiya.

Inda babu tururi fa, yaya ake gane abin da ke ƙasa? Nan ne aikin masu binciken cikin ƙasa. Da yawa cikinmu mun taɓa ganin ana kafa turakun ƙarfe guda huɗu a jere, da dogayen wayoyi, kafin a haƙa foraj. Ba duba suke yi ba! Wuta suke turawa ta turaku biyu, su auna ta da sauran biyun. Busasshen dutse yana tare wuta, ruwa kuma yana ba ta hanya, balle mai zafi da gishiri. Duk sa'ad da aka ƙara nesanta turakun, wutar takan ƙara nutsawa, sai a san abin da ke kowane zurfi ba tare da an sa diga ba. Wani Bafaranshe, Conrad Schlumberger, ya fara gwada dabarar a 1912. Masu neman mai kuma girgiza ƙasa suke yi su saurari amon da ya dawo, kamar yadda ake ƙwanƙwasa kankana a kasuwa.

Sai dai zafi kaɗai bai isa ba. Dole a sami ruwa, a kuma sami tsagogi a cikin dutsen da ruwan zai bi ya ɗumama. Saboda haka akan ciro guntun dutse daga cikin rami, a kai ɗakin gwaji, a matse shi da inji har ya fashe, a rubuta nauyin da ya ɗauka. Da irin wannan awon ake sanin ko tsakuwar da manyan motoci ke kawowa daga wajen Dandi za ta riƙe gada irin tamu ta kan Logon. Kuma abin yana da haɗari. A Basel ta ƙasar Suwizalan, a 2006, an tura ruwa da ƙarfi don a tsaga dutse, sai ƙasa ta girgiza har wasu gidaje suka tsage, daga baya aka rufe aikin.

Inda aka dace, tururin yakan juya inji, inji ya ba da wuta dare da rana, babu gasuwal, babu jiran rana ta fito. A Larderello ta Italiya aka fara kunna ƙwai biyar da shi a 1904. Kenya ta buɗe tashar Olkaria a 1981, yanzu fiye da kashi ɗaya cikin uku na wutarta daga nan ƙarƙashin ƙasa yake fitowa.

Mu dawo gida mu yi lissafi. Ana son ruwa mai zafin digiri 150 ko fiye. Njamena tana kwance ne kan yashi da laka, babu dutse mai aman wuta kusa, don haka sai an haƙa kilomita huɗu ko biyar kafin a kai wannan zafin. Kuɗin ba na wasa ba ne. Soborom kuwa ya fi kilomita 1,000 daga nan, ga hamada a tsakani, ga mutanen wurin kaɗan ne. A ganinmu, faranti mai zuƙar rana ya fi kusa da gidajenmu a yanzu. Tururin Tibesti zai fi amfanar garuruwan can irin su Bardai, in an auna aka ga ya isa.

Awon kuwa sai da masu yin sa. Ana koyar da ilimin ƙasa da duwatsu a Jami'ar Njamena, a reshenta na kimiyya da ke Farsha.