Furen bazara: Itacen da ya dace da tsakar gida a Madawa, Buza da Keita

A watan Maris, lokacin da ruwan rijiyoyi ke ja da baya, dogon yaro ke fitar da fararen furanni masu ƙamshi. Mutanen Buza sun san shi sarai, domin tun 1975 aka fara jera shi a kwarin Majiya don tare iska. Sai dai yana son fili, saiwarsa kan tsaga katanga.

Mai ƙaramin gida a Madawa ko Keita zai fi morar zogale, ga fure ga miya, ko lalle da ke zama shinge. Kariya na jure fari, tana fure da rani, amma ruwanta guba ne ga yara da awaki.

Dashe kuwa sai damina ta zauna, a Yuli ko Agusta.