Maganar da ba a faɗa ba ita ke cin jari

Ko kai makiyayi ne mai kawo raguna Zangon Kwatano gabanin Babbar Sallah, ko ɗan kasuwa mai tsallaka iyakar Seme, ga taƙaitaccen shirinmu na wannan mako. Kusan kowace magana a kasuwa tana goye da wata da ba a furta ba. In ka amsa ta fili, ka amince da ta ɓoye.

Ɗauki wannan. Mutum ya tare ka gaban jama'a ya ce, "Alhaji, yaushe za ka cika mini sauran kuɗina?" Cikin tambayar akwai da'awa biyu: yana bin ka bashi, kuma ka biya wani sashe. Da ka ce "sai jibi", ka amsa bashi gaban shaidu. Amsar da ta dace ita ce, "Wane saura? Zo mu yi lissafi tukuna."

Ko dillali ya ce, "An sallama a dubu hamsin." Naira ko sefa? Shi ya ɗauka ka sani. Mutumin Maraɗi kuma da dala yake ƙirga, dala ɗaya sefa 5 ce, don haka ɗarinsa sefa 500 ce. A ambaci sunan kuɗin kafin a tafa.

Akwai kuma maganar da ta daɗe tana gaskiya har aka manta da sharaɗinta. "Man Najeriya riba ne ko da yaushe." Sharaɗin shi ne tallafin gwamnati. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin ya ƙare, nan take farashin kpayo ya tashi a titunan Kwatano. Haka "kaya in sun sauka a tashar jirgin ruwa, ai sun isa gida". Wannan sai in iyaka a buɗe take. Najeriya ta rufe tata a watan Agustan 2019, ba a buɗe Seme ba sai Disamban 2020. Gadar Malanbil da Gaya ma ta rufu bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, manyan motoci suka yi jerin gwano da kaya.

To, ya za ka gano ta ɓoye? Ka tambayi kanka: me ya wajaba ya zama gaskiya kafin wannan magana ta tsaya? Sannan ka bincika: har yau haka abin yake? Wa ya gani da idonsa? Wa zai ci riba in na yarda?

Wannan ba zargin ɗan'uwa ba ne. Sau da yawa mai maganar ma bai lura da abin da ya goyo ba. Mai tambaya ba ya ɓata. Allah ya ba da kasuwa, ya tsare dukiya.