Abin Da Ke Sa Shinkafa Ta Yi Tsere Da Ruwa

Duk wanda ya san fadamun bakin Kwara, tun daga Shanga zuwa Yelwa har a gangara Ngaski, ya san shinkafa ba halinta ɗaya ba wajen sha'anin ruwa. Akwai wadda in kogi ya kawo ya rufe ta mako guda sai ta ruɓe. Akwai kuma irin ta gargajiya, wadda mutanen kwarin Kwara da na Gulbin Kabi suka gada kaka da kakanni, ruwa na hawa tana hawa, kullum kanta na bisa. Manoma sun daɗe da sanin wannan. Abin da ya ɗauki masana shekaru shi ne gane yadda tsiro, da ba shi da ido ba shi da ƙwaƙwalwa, ya ke sanin ruwa ya rufe shi har ya ɗauki mataki.

Amsar ita ce a jikin kowane tsiro akwai waɗansu sinadarai 'yan kaɗan ƙwarai, masana na ce da su homon. Aikinsu kamar na masinjan ofis ne. Masinja ba ya gina kasuwa, amma takardar da ya kai ita ke sa a fara ginin ko a dakata. Biyu daga cikinsu su ne ke riƙe da al'amarin shinkafa cikin ruwa.

Na farko ta hanyar cuta aka gano shi. Manoman Japan suna da wata cuta da ke sa shinkafa ta yi tsawo fiye da kima, ta yi fari-fari, ta faɗi ba ta yi 'ya'ya ba. A shekarar 1926 wani masani mai suna Kurosawa, yana aiki a tsibirin Taiwan, ya nuna cewa wata irin fumfuna ce ke zubo wani abu a jikin shukar, abin nan kuwa shi ke jan kara. A 1935 aka raɗa masa suna jibarelin. Daga baya aka tarar ashe tsiro da kansa yana yin sa, fumfunar dai yawa ta ke sa ya yi.

Na biyu iska ne, sunansa etilin. Shi ne ke fita daga nunannen mangwaro ko ayaba, shi ya sa in an rufe ɗanye tare da nunanne cikin kwali ɗanyen ya kan yi saurin nuna. Malaman makaranta na iya gwada wannan a gaban yara, ba ya bukatar ko kwabo.

To, ga yadda su biyun ke haɗa kai. Kowace shinkafa tana fid da etilin kaɗan-kaɗan, iska na kwashewa. Amma cikin ruwa tafiyar iska ta kan ragu wajen sau 10,000. Saboda haka da zarar ruwa ya rufe kara, sai etilin ya rasa mafita, ya taru a ciki. Taruwar nan ita ce labarin da ke gaya wa shuka ta nutse. Sa'an nan etilin ya buɗe wa jibarelin hanya, shi kuwa ya bi gaɓoɓin kara yana sa su miƙewa. Irin shinkafar nan ta zurfin ruwa tana iya ƙara inci 8 zuwa 10 cikin kwana ɗaya tak, kuma da ya ke karanta rami gare shi, iskar da ganye ya shaƙa a bisa tana isa har saiwa. A 2009 masanan Jami'ar Nagoya ta Japan suka gano ƙwayoyin gado biyu da ke karɓar saƙon etilin, waɗanda shinkafar da ba ta tsere da ruwa ba ta da su.

Sai dai tseren ba kyauta ba ne. Abincin da ya kamata ya tafi zangarniya ya tafi kara, amfani ya ragu, in ruwa ya janye kuma sai ta kwanta. Har wa yau sai shuka ta kai wajen wata guda ta ke iya miƙewar, watau in ruwa ya riga ta zuwa, an yi hasara. Don haka masu gyaran iri suka bi ta wata hanya. Shinkafar IR8 da aka fitar a Filifin a 1966 gajeruwa ce don jibarelin ɗinta kaɗan ne, tana cin taki ba ta faɗuwa. Gajeru irin wannan su ne suka dace da noman rani, inda manomi ke da iko da ruwa. A fadama mai zurfi kuwa ba su da kataɓus.

Akwai dabara ta uku, a ganinmu ma ita ta fi ban mamaki. Wata tsohuwar shinkafar Indiya, in ruwa ya rufe ta, saƙon etilin ɗin nan dai ta ke ji, amma maimakon ta miƙe sai ta danne jibarelin, ta yi lamo, ta adana abincinta har wajen mako biyu. In ruwa ya sauka ta ci gaba da girma. An gano ƙwayar gadon wannan hali a 2006, aka sa ta cikin waɗansu iri, a 2017 kuwa aka fitar da FARO 66 da FARO 67 a Nijeriya masu wannan juriya.

Ga inda maganar ta shafi ƙasar Yawuri. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, hawa da saukar ruwa a gefen tafki bai rataya ga damina kaɗai ba, har da yadda a ke buɗe ƙofofin madatsa. Ambaliyar 2020 kuma ta cinye gonakin shinkafa masu ɗimbin yawa a Jihar Kebbi. Saboda haka malamin gona ko ma'aikacin da aka danƙa wa rabon iri, kafin ya miƙa buhu, ya kamata ya tambayi mai gona zurfin da ruwa ke kaiwa a wurinsa da kwanakin da ya ke yi. Inda ya kan zo farat ɗaya ya wuce cikin kwana goma, mai lamo ta dace. Inda ya ke hawa a hankali ya zauna wata biyu ko uku, mai lamo mutuwa za ta yi a ƙarƙashinsa, sai doguwar nan ta gargajiya, ita ma a shuka ta da ruwan fari don ta yi ƙwari kafin kogi ya iso.