Masu Bin Diddigin Kuɗin Jiha

A ƙarshen Oktoban 2024, gwamnonin Arewa da manyan sarakuna suka taru a Kaduna, suka ce ba su amince da sabon tsarin rabon harajin VAT da Shugaba Tinubu ya aika majalisa ba. Nan da nan gari ya ɗauka. Daga gidajen rediyo har teburin mai shayi, kowa na tofa albarkacin bakinsa. Amma da za a tare mutum a ce nawa Jigawa za ta rasa, nawa Kano za ta samu, 'yan ƙalilan ne za su iya zama da alƙaluma su ba da amsa. Su ne masu binciken haraji da kasafin kuɗin jihohi, sana'ar da matasa ba su cika jin labarinta ba.

Jiha na da manyan hanyoyin samun kuɗi biyu: kason wata-wata da kwamitin FAAC ke rabawa a Abuja, da kuɗin shiga na cikin gida, irin harajin albashi da na filaye da rajistar ababen hawa. Tazarar da ke tsakanin jihohi ba kaɗan ba ce. A 2023, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, Legas ta tara kuɗin shiga na cikin gida sama da naira biliyan 800, kusan ɗaya bisa uku na abin da jihohi 36 da Abuja suka tara gaba ɗaya.

Wahalar aikin da daɗinsa duk suna cikin kasafi. Gwamna ya gabatar, majalisa ta amince, jaridu su buga cewa an ware wa ilimi kaso kaza. A nan ne mai bincike ke ɗaura ɗamara. Zai jira rahoton aiwatar da kasafi da ake fitarwa duk wata uku, ya jera abin da aka ware a gefe, abin da aka saki a gefe, layi bayan layi. Sau da yawa sai ya tarar albashi da hidimar ofisoshi sun fita daidai, kuɗin gina asibiti kuwa na nan a takarda. Zai kuma auna kason lafiya da alkawarin kashi 15 cikin ɗari da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001. In da hali, ya hau mota ya je ƙauyen da aka ce an haƙa rijiyar burtsatse ya gani da idonsa.

Irin wannan bin sawu ya taɓa ceton rayuka. Bayan gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara daga 2010, garin Bagega da ke ƙaramar hukumar Anka ya daɗe yana jiran kuɗin share gubar. Hamzat Lawal da abokan aikinsa suka fara gangamin Follow The Money a 2012, suna tambaya ɗaya: ina kuɗin? A farkon 2013 gwamnatin tarayya ta sake su, aka fara aiki.

A da, samun kundin kasafin jiha sai wanda ya san wani a ma'aikata. Shirin SFTAS na Bankin Duniya, da aka fara a 2018, ya riƙa bai wa jihohi tallafi idan suka wallafa kasafinsu da rahoton binciken asusu a intanet. Yanzu ɗalibi a Gusau na iya sauke su a wayarsa. Ƙungiyar BudgIT, da aka kafa a Legas a 2011, na fitar da rahoton ƙarfin tattalin arziƙin jihohi duk shekara.

Masu shiga harkar galibi sun karanta tattalin arziƙi ne, ko akanta, ko ƙididdiga, sun kuma ƙware a Excel. Ana ɗaukarsu a ma'aikatun kasafi da tsare-tsare, da hukumomin tara haraji irin KIRS ta Kano da KADIRS ta Kaduna, da ƙungiyoyin farar hula. Amma wanda ya fi amfani a Arewa shi ne wanda zai iya mayar da kundi mai shafi ɗari biyar bayanin minti biyar da Hausa a rediyo. Haraji tsohon miki ne a ƙasar nan; dattawa ba su manta murnar da aka yi ba lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano. Ɗan kasuwar da ke riƙe da rasit uku a aljihu yana da haƙƙin sanin inda kuɗinsa suka shiga.

Aiki kuwa ƙaruwa ya yi. Dokokin harajin da aka sa wa hannu a Yunin 2025 sun ɗaga kason jihohi a VAT daga kashi 50 zuwa 55, sun kuma yafe haraji a kan naira 800,000 na farko da mutum ke samu a shekara. Na farkon ƙari ne ga baitulmalin jiha, na biyun ragi ne, musamman inda ƙananan ma'aikata suka fi yawa. Kowace jiha sai ta samu mai zama ya lissafa mata wanne ya rinjayi wani.