Awon Ɗigo da Awon Nauyi: Hanyoyi Biyu na Sanin Abin da ke Cikin Ruwa da Ƙasa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwan kanal ya mai da Kura, Bunkure da Garun Malam ƙasar noman rani, inda alkama, tumatir, albasa da shinkafa ke karɓar juna a gona ɗaya. Sai dai ruwan ban-ruwa yana tafe da narkakkun sinadarai da ido ba ya gani. Inda ya daɗe yana kwanciya, akan ga farin gishiri ya fito a bisa kunya, shuka ta tsumbure. Manomi ya riga ya san akwai gishiri. Abin da yake nema a wurin masanin sinadarai shi ne adadinsa. Tsofaffin hanyoyin ba da wannan amsa biyu ne: awon ɗigo, wanda ɗalibai ke kira taitireshan, da awon nauyi.

Duk wanda ya yi karatu a Kwalejin Kimiyya ta Dawakin Kudu, wadda aka buɗe a 1977 tare da ta Dawakin Tofa, ya riƙe biyuret, dogon bututun gilashi mai ma'auni da famfo a ƙasa, da hannunsa, domin awon ɗigo yana cikin jarrabawar gwaji ta WAEC. A ce kuloraid, ɗaya daga cikin sinadaran gishiri, ake nema a ruwan kanal. Sai a ɗebi ruwan da awo a zuba a kwalba, a sa masa 'yan ɗigo na sinadari mai nuna alama, ya zama rawaya. Daga biyuret ana sakin ruwan naitiret na azurfa, wanda aka san ƙarfinsa, ɗigo bayan ɗigo, hannu ɗaya a kan famfo, ɗaya yana kaɗa kwalbar. Da kuloraid ɗin ya ƙare, ɗigon da ya biyo baya zai juya ruwan zuwa launin jan bulo. Nan ake tsayawa a karanta biyuret a yi lissafi. Bajamushe Friedrich Mohr ne ya fito da wannan tsari a 1856, kuma har yau ana aiki da shi.

Mai awon nauyi kuwa da sinadarin azurfan nan zai fara, amma ba ya ƙirga ɗigo. Zubawa yake har ya wuce kima, domin duk kuloraid ɗin ya haɗu da azurfa ya kwanta a ƙasa fari fat kamar gari. Sai ya tace, ya wanke, ya busar a obin, ya bar shi ya huce inda danshi ba zai taɓa shi ba, sannan ya ɗora a sikeli. Zai sake busarwa ya sake aunawa har nauyin ya daina sauka. Kusan kashi 25 cikin 100 na wannan farin gari kuloraid ne, don haka lissafin gajere ne, aikin ne mai tsawo.

Ta fuskar lokaci, awon ɗigo ya yi gaba. Cikin 'yan mintuna an gama samfuri ɗaya, kuma akan maimaita sau uku a ɗauki matsakaici. Awon nauyi kan ci wuni, wani lokaci ya kwana. Gidan tace ruwa irin na Tamburawa, da ke bukatar sanin halin ruwansa kowace rana, ba zai jira gobe ba kafin ya daidaita maganin da yake zubawa.

Ta fuskar daidaito kuma, sikeli ne ke da rinjaye. Ɗigo ɗaya na biyuret kusan mililita 0.05 ne, kuma idon mutum ne ke yanke hukuncin inda launi ya juya. Mutum biyu na iya saɓawa, musamman idan ruwan gurɓatacce ne irin na damina. Sikelin ɗakin gwaji kuwa yana rarrabe kashi ɗaya cikin dubu goma na giram. Da irin wannan awo Theodore Richards na Amurka ya gyara nauyin ƙwayoyin zarra, har ya sami kyautar Nobel ta 1914. Amma shi ma awon nauyi yana da nasa ramin. Garin da ya kwanta yakan ja wasu sinadarai su maƙale masa, wani ya zube wajen tacewa, kuma farin garin azurfa yana baƙi idan haske ya daɗe a kansa.

Wajen kuɗi da kayan aiki, kowannensu da inda yake ciwo. Awon ɗigo ba ya neman wutar lantarki, gilashi ne da hannu, amma sinadaransa suna ƙarewa, wasu suna da tsada, wasu ƙarfinsu na raguwa idan sun daɗe a ajiye. Awon nauyi na iya tafiya ba tare da sinadari ko ɗaya ba idan danshi ake nema, sai dai yana bukatar sikeli mai tsada, teburin da ba ya girgiza, ɗakin da ƙurar hunturu ba ta shiga, da obin da zai tsaya a kan digiri 105 na tsawon awa 24. A wurin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, wannan sharaɗi ne mai nauyi.

Akwai kuma tambayoyin da kowace hanya ta fi iya amsawa. Tsamin tumatir ɗin Kadawa, taurin ruwan rijiya, da naiturojin da ke cikin buhun yuriya, wanda ya kamata ya kai kashi 46 cikin 100, duk na awon ɗigo ne. Tsarin Kjeldahl na 1883 da ake gane jabun taki da shi a kan biyuret yake ƙarewa. Danshin ƙasa, lakar da kanal ke ɗauka, jimillar gishirin da ya rage bayan ruwa ya ƙafe, da danshin shanshera, wanda ake so ya sauka zuwa kashi 14 cikin 100 kafin a adana, waɗannan na sikeli ne. 'Yan kasuwar shinkafa a Kura sun san irin wannan rabo: da kwano ake cinikin yau da kullum saboda sauri, amma idan kaya ya yi yawa ko gardama ta taso, kilo ake nema.

Abin da ya kamata a lura da shi kafin yanke hukunci shi ne, ruwan da ke cikin biyuret ba a san ƙarfinsa ba sai da aka auna busasshen sinadari a sikeli aka narkar. Idan wannan awo na farko ya karkace, duk ɗigon da ya biyo baya ya karkace. Saboda haka, ga aikin kullum a yankin ban-ruwa, inda samfura suke da yawa kuma manomi ke jiran amsa kafin ya sake sakin ruwa, awon ɗigo ya fi dacewa. Ga awon danshi, ga raba gardama tsakanin mai saye da mai sayarwa, da tabbatar da ingancin awon ɗigon kansa, sikeli ba shi da madadi. Makarantunmu sun ba biyuret haƙƙinsa saboda jarrabawa tana tambayarsa. Ya dace su ba sikeli irin wannan kulawa, su gyara wanda ya lalace, su bar ɗalibi ya busar da ƙasar gonar gidansu ya auna da hannunsa.