Yadda masu Python suka tsara rubuta bayanin manhaja

Duk wanda ya taɓa gadon manhajar da wani ya rubuta ba tare da bayani ba ya san ciwon kan da ke cikinta. Masu amfani da harshen Python sun yi wa wannan matsala tanadi tun 2001, lokacin da David Goodger da Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro harshen, suka fitar da takardar PEP 257.

Takardar ta ce bayanin kowane aiki da ke cikin manhaja ya zo nan take ƙarƙashin sunansa, cikin alamar zance ninki uku. Layin farko ya zama gajeriyar jimla guda mai ƙarewa da aya, kuma da sigar umarni: a ce dawo da kaza, ba yana dawo da kaza ba. In akwai ƙarin magana, sai a tsallake layi ɗaya, a faɗi abin da aikin ke karɓa, abin da yake mayarwa, da kurakuran da ka iya tasowa.

Me ya sa aka matsa wa layin farko haka? Domin ba mutum kaɗai ke karanta shi ba. Manhajoji irin su Sphinx kan tsamo shi su jera a jadawali, shi ya sa dole ya tsaya da ƙafarsa.

'Yar'uwar PEP 257, wato takardar PEP 8, ita ma ta 2001, ta ce layin bayani kada ya wuce haruffa 72, na manhaja kuwa 79. A nan ne ake ta ja-in-ja, kuma masu cewa ma'aunin ya yi matsi suna da hujja. Black, manhajar da ke daidaita rubutun Python da kanta, tana barin layi ya kai haruffa 88.